Yadda wasan waya ya tashe ni daga angarib

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aikowa wannan shafi ina wucewa. Yau na ga ya kamata ni ma in buɗe cikina, ko wani da ke kwance irin kwanciyar da na yi zai ji sanyi a ransa.

Ni haifaffen wani ƙauyen Hausawa ne a bakin Nilu, ba nisa da Rusairis. Lokacin da abin ya faru ina saurayi mai jini a jika, direban tarakta a manyan gonakin dawa da riɗi da ke kudu da Damazin. Idan harif ya kama, wato damina, nakan yi makonni ban leƙa gida ba. Ina ji da ƙarfina ƙwarai. Buhun da mutum biyu ke kamawa ni kaɗai nake saɓa shi, kuma babu wanda nake rainawa kamar samarin da ke zama gindin bishiya sun duƙufa a kan waya. Har ba'a nake musu, in ce yatsunsu kawai ke da aikin yi.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ina bin gefen wani kwazazzabo sai ƙasar ta zabtare. Wanda ya san baƙar ƙasar nan tamu ya san yadda take idan ta jiƙe. Tarakta ta kife ta danne mini ƙugu da cinyar dama. Ban san yadda aka fito da ni ba, a asibitin Damazin na farka. Aka yi mini aiki aka sa ƙarfe a ƙashin. Likita ya gaya wa yayana cewa zan iya sake tafiya idan na dage da motsa ƙafar kamar yadda suka nuna mini, amma tuƙin tarakta in cire shi daga raina. Kunnena rabin maganar na ƙarshe kawai ya ɗauka.

Aka dawo da ni gida aka shimfiɗe ni a kan angarib, gadon nan namu na igiya, a ɗakin da ke kusa da na Inna, mahaifiyata. Daga nan na rufe bakina. Sandunan da aka ba ni suna jingine a kusurwa, ko kallonsu ba na son yi. Inna ta kawo kisra da miya, ta dawo ta ɗauke kwanon kamar yadda ta ajiye. Abokai suka yi ta zuwa, ni kuwa in juya fuska bango, har suka gaji suka rage. Yayana ya yi lallashi, ya yi faɗa. Limamin ƙauyenmu ya zo ya yi mini nasiha mai kyau, na ce na gode, yana fita na koma yadda nake. Watanni suka wuce, ƙafar ta fara tsotsewa, ta zama kamar ba tawa ba. Ina jin Inna tana kuka a madafa tana ɓoyewa, amma zuciyata ta bushe.

Ana cikin haka sai ga 'yar kawuna daga garin Hajj Abdalla. Ɗaliba ce a jami'a, an rufe musu makaranta, aka ce ta zo ta taya Inna aiki. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Na zaci ita ma za ta zauna ta yi mini fuskar tausayi. Ta leƙo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe direban da ake ba da labari haka ya koma kamar busasshen karan dawa. Sai ta jawo kujera ta zauna bakin taga tana danna waya, ba ta sake kula ni ba. Kullum da hantsi haka take yi. Wani lokaci ta yi tsaki, wani lokaci ta yi ihun murna ita kaɗai. Ranar da na kasa daurewa na tambaye ta abin da take yi, ita ce ranar farko da na yi wa wani magana ba don dole ba.

Wasa ne na tara halittun ƙirƙira. Akwai na wuta, na ruwa, na tsiro, na ƙasa, kowace da wadda take rinjaya da wadda ke rinjayarta. Ɗan wasa yana zaɓar 'yan kaɗan ya shiga da su, ɗaya bayan ɗaya suke fitowa fili. A kowane zagaye ko ka kai hari, ko ka janye wadda ke fili ka sako wata, kuma kai da abokin karawarka a lokaci guda kuke zaɓa, babu mai ganin zaɓin wani. Ta saka mini shi a tsohuwar wayata. Cikin halittun idona ya faɗa kan wata siririya ta wuta mai kama da tunku. Babu mai gudunta, bugunta kuma yana da zafi, sai dai ba ta jure duka ko kaɗan. Na sa mata suna Guguwa.

Muka fara karawa, ta yi ta cin galaba a kaina kamar wasan yara. Ni dai da an fara sai in turo Guguwa in danna hari mafi ƙarfi. Ita kuma sai ta sako wata ƙatuwar halittar ruwa mai kama da dorina, ta shanye bugun kamar ba a yi ba, ta mayar da guda, Guguwa ta faɗi. Sauran wasan sai ya zama jan ƙafa kawai. Da ta gaji da dariya sai ta fara koya mini. Ta ce halitta irin wannan ba a buɗe wasa da ita, ajiye ta ake yi. In fara da mai kaurin fata wadda za ta sha duka ta gajiyar da dorinar. In shigo da Guguwa lokacin da ba za a taɓa ta ba, ko bayan wata tawa ta faɗi, ko ta hanyar wani hari da wata tawa za ta buga ta janye ta ba ta wuri. Ta duba hare-haren da na zaɓar mata ta ga duk na wuta ne, ta ce in cire ɗaya in sa na tsiro saboda masu ruwa, in kuma bar gurbi ga wanda ke ƙara mata ƙarfi idan ta sami sarari. Abu na ƙarshe da ta ce shi ne in daina kallon halittar da ke gabana, in riƙa tunanin mutumin da ke riƙe da ɗaya wayar da abin da yake tsoro.

Na fara kwana da tunanin wasan in tashi da shi. Har abinci na fara ci, don ta ce ba ta wasa da mai jin yunwa. Matsalar ita ce shabaka, wato layin sadarwa, ba ta shiga ɗakina sosai, tana zuwa tana ɗaukewa. Wata rana na bi duk abin da ta koya mini, na raunana dorinar, na shigo da Guguwa lafiya, saura bugu ɗaya in yi galaba a kan taubashiyata a karon farko, sai layin ya yanke. Na yi ihun da ya sa Inna ta shigo a guje. Taubashiyata ta miƙe ta ɗauki kujerarta ta ce daga yau ta daina wasa a ɗaki. A gidanmu wuri ɗaya ne shabaka ke kamawa da kyau, gindin katangar baya wajen bishiyar darbejiya. Ta ce can zan same ta.

Na yi fushi, na zage ta, na ce muguwa ce. Kwanaki ina jin muryarta daga can tana wasa da wasu tana dariya. Wata la'asar na jawo sandunan nan. Zafin da na ji da na sauke ƙafar ƙasa ba zan iya kwatanta shi ba, gumi ya rufe ni tun ban kai ƙofa ba. A tsakar gida na faɗi. Inna ta jefar da tsintsiya ta taho, sai na ga taubashiyata ta riƙe mata hannu.

"Gwaggo, don Allah ki bar shi," in ji ta. "Shi zai tashi."

"Ke ba ki da tausayi ne? Ɗana ne fa a ƙasa!"

"Na gani, Gwaggo. Ki tsaya kaɗan."

Na ɗaga kai don in harare ta, sai na ga hawaye na zuba a fuskarta. Na dafa sanda na miƙe. Da na kai gindin katanga ta share ido ta tura mini kujera ta ce na makara, ta kusa tashi. Ranar ma ita ta ci ni.

Daga nan zuwa katanga ya zama mini aikin kullum. Ta ƙara sharaɗi cewa sai na gama motsa ƙafar da likita ya ce kafin ta kunna waya. Ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da wasan ya so ya wuce gona da iri, har na bar la'asar ta kusa fita ina cewa bari in ƙarasa. Ta karɓe wayar ta kai wa Inna ajiya har washegari, ta ce ba ta zo ta tashe ni daga gado don ta kwantar da ni a wani ramin ba. Ta hanyarta na san wasu samari da 'yan mata masu wasan, daga Damazin, daga Rusairis, har da ƙauyukan Jazira. Muna hira rabi Hausa rabi Larabci, babu wanda ya san ina da sanda sai da na faɗa da bakina.

Bayan girbi suka shirya 'yar gasa a wani kulob ɗin matasa a Damazin. Na ce ba zan je a kalle ni ba. Yayana bai yi gardama da ni ba, da safe kawai ya tsayar da ƙaramar bas a ƙofar gida ya roƙi direban ya bar mini kujerar gaba. Tun ranar da aka sallamo ni ban ga titi ba. Da muka hango ruwan dam sai na ji ƙirjina ya buɗe.

A zagaye na biyu aka haɗa ni da wani saurayi da kowa ke tsoro. Na ɓoye Guguwa, na bar sauran suna shan wuya har aka rage mini biyu. Da na sako ta, halittar tsiro ce a gabanta, wadda harin wuta zai gama da ita nan take. Mutane suka fara cewa in ƙone ta. Amma na lura tun farko yana tattalin wata halittar ruwa da ya rage wa rabin ƙarfi, kuma na san ba zai tsaya a ƙone shi ba. Sai na danna harin tsiro. Ya janye ya sako ta ruwan, ta faɗa cikin bugun ta faɗi. Daga nan babu abin da ya rage masa mai iya tare Guguwa, ta share sauran ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ya kaure da ihu. Sai da saurayin ya zagayo ya rungume ni yana cewa "Ya salam, ya zol!" na lura a tsaye nake, sandunan suna ƙasa. A zagaye na gaba wata yarinya 'yar Rusairis ta fitar da ni cikin sauƙi, ban ko ji zafi ba.

Da muka dawo Inna na zaune bakin ƙofa tana jiranmu. Matar da ba ta taɓa kallon wasan ba ta tambaye ni ko Guguwa ta yi ƙoƙari. A ranar ne ta gaya mini gaskiya. Ita ta kira ƙanenta tana kuka ta ce ɗanta na mutuwa a zaune, ita kuwa taubashiyata da ta ji ta ce a bar ta ta zo ta gwada. Zaman bakin tagar nan da rashin kula ni duk shiri ne.

Yau ina tafiya da ɗan ɗingishi, ina gyaran injinan ban ruwa a bakin kogi, na yi aure. Taubashiyata da iyayenta rikicin ƙasar nan ya raba su da gidansu, suna wani gari mai nisa. Idan layi ya samu mukan yi wasa, kuma har yanzu ta fi cin galaba. Ban san da me zan saka mata ba, ita da Inna da yayana, sai addu'a.

Abin da ya fi damuna idan na tuna shi ne watannin da na bar mahaifiyata tana kuka a madafa, alhali likita ya ce zan tashi. Ɗan'uwa, idan ciwo ya kayar da kai kada ka rufe ƙofa ka juya wa mutanenka baya, ƙafata ta kusa tafiya saboda haka. Ku kuma masu jinya, idan nasiha ta ƙi shiga ku nemo abin da zai sa mara lafiya ya so wayewar gari, ko da abin ya yi muku kama da shirme, ku dai sa ido kada ya cinye masa salla da barci. Na gode wa Allah da Ya turo mini wadda ta iya riƙe hannun Inna tana kuka, ta bar ni a ƙasa har na tashi da kaina.