Malamar da Ajinta Ya Tafi Cirar Gyaɗa

Kun san firamaren nan ta bakin hanyar Roni? To har yau ina ganin yarinyar nan a idona. Ga ta tsaye ƙofar aji, 'yar siririya, hijabinta ya sha guga, yatsunta duk alli. Ban san sunanta ba. An dai ce a ranar mai duba ɗalibai masu koyon malanta zai zo daga kwaleji ya ga yadda take koyarwa. In ya sa hannu ta zama malama, in bai sa ba sai baɗi. Aji kuwa wayam, yara duk sun tafi cirar gyaɗa.

Ta dubi hanya, ta dubi bencuna. Wa ya sani, ƙila ita ce ta farko a gidansu da ta kai nan.

Sai kawai ta tuɓe takalmi ta faɗa gona, ta durƙusa gaban wani dattijo da yaran ke taya cira.

"Baba, don Allah ara mini su, yanzu zan dawo maka da su."

"Gyaɗar fa, Malama?"

"In an tashi, da ni za a cire."

Ƙarar babur na matsowa daga wajen Kazaure, ita kuma ga ta tafe da yara bakwai, takalmi a hannu. Ban ga ko mai dubawar ya sa hannun ba. Tsohon dai ya riga ya kira ta Malama.