Baba Bibbiyu, wanda ba ya sayar da tsuntsu tilo

Kafin masu furanni su gama yayyafa wa tukwanensu ruwa, kafin masu saƙa su baza kwanduna a bakin titi, Baba Bibbiyu ya riga ya yaye buhunan da ke kan kowane keji, ya zubar da ruwan jiya ya zuba sabo. Yana aikin yana gaishe da tsuntsayen. Tun rasuwar matarsa, su ne ke fara amsa masa gaisuwa.

'Yan kasuwar ne suka raɗa masa sunan, don bibbiyu yake sayarwa, ya ce kaɗaici ya fi yunwa saurin kashe tsuntsu. Kuma ba ya miƙa keji sai ya tambaya, "Wa ke wuni a gida?" Mai furannin da ke kusa da rumfarsa ta ba ni labarin wani mai ƙatuwar mota da ya amsa cewa duk gidansu aiki suke fita. Baba ya mai da kejin mazauninsa, ya ce, "To, ɗana, sayi fure. Ga 'yata nan, nata kayan ba sa kewa." Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni, da tukunyar fure a hammata.

Ni ko gashin tsuntsu ban taɓa saya ba. Ɗakina ne ke yi mini shiru, sai in fito kasuwar ran Asabar in ga mutane. Baba, kai ne ka gane haka ba tare da na faɗa ba. Kai ne kake tura mini benci da ƙafa, ka ce, "Zauna, mai kallon kyauta."

Bana idonsa ya yi rauni, ɗansa ya zo ɗaukarsa zuwa wani bene da ba a yarda da dabba ba. Ya samar wa kowane keji gida, sai wata tattabara da mijinta ya mutu, ta daina cin abinci. Saboda ita ya ƙi rufe rumfa.

"Baba, a sake ta mana kawai," in ji ɗan.

"Ta je wurin wa?"

Sai ya juyo gare ni. "Ke, wa ke wuni a gidanki?"

"Ni kaɗai ce, Baba. A ɗaki nake ɗinkina."

"To, kun zama biyu."

Na tafi da tattabarar gida. Yanzu tana ci, har tana sauka a kan keken ɗinki ta ɓata mini yadi.

Na kai masa albishir makon jiya. Na same shi zaune a bakin taga, ɗan da matarsa sun tafi aiki tun safe, talabijin na ta surutu shi kaɗai. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ni kuwa hawaye suka zo mini.

Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka taɓa karɓar keji daga hannunsa, ku koyi tambayarsa, ku riƙa yin ta a kan mutane ma. Shi dai ba wanda ya yi masa ita. Mai furanni ta san gidan, kuma da rana ya fi bukatar baƙo.