Sharaɗin Baba a Kan Muryar Yaya

Yayata tana da murya siririya mai hawa sama. In ta kira mu shan fura daga bakin gona, har masu noma a gonar maƙwabta sai sun ɗago kai. Zamanin soja ne, an umarci kowane gari ya kafa ƙungiyar waƙa ta matasa. Malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka ɗora wa aikin a Filinge ya ji ta tana waƙar daka, ya biyo ta har gida.

Baba bai so ba. Mu manoma ne, waƙa a gaban taro kuwa a wurinmu sana'ar maroƙa ce. Amma a lokacin ba a ce wa masu kaki a'a, sai ya kafa sharaɗi.

"Ta tahi," in ji shi, "amma kar in ji sunan ɗiyata ga bakin kowa. Gidanga ba a roƙo."

Haka aka yi. Aka kai su Yamai aka ɗauki waƙar, tana bayarwa 'yan mata suna amshi. Kullum aka sa ta a rediyo sai a ce ƙungiyar Filinge, shi ke nan. Na taɓa ganin dillalan shanu a kasuwar Baleyara sun bar ciniki don su ji inda muryar take hawa ba ta karye ba. Ina tsaye kusa da su, ba damar in ce yayata ce. Har yau abin yana ci mini rai.

Da mulki ya koma hannun farar hula, ƙungiya ta watse. Yaya ta yi aure a Tabla, hayaƙin murhu da tari suka cinye muryar. Wata rana muna sussukar gero a gidanta, sai ga hira a rediyo da ɗaya daga cikin 'yan amshin nan, wadda ta zauna Yamai. Ba kunya ba tsoron Allah ta ce ita ce mai muryar. Har tana ba da labarin yadda take shan zuma don gyaran murya.

Na yar da taɓarya. "Yaya, ai Baba ya riga ya rasu. Mu tahi ki hwaɗa musu gaskiya."

Ta gyara tsayuwa, ta ɗauko baitin farko na waƙar. Bai kai rabi ba ya tsinke. 'Ya'yanta suka yi dariya, sun ɗauka wasa take.

"Kin jiya," ta ce mini. "Da mi zan shaida musu?"

Ban yafe wa matar nan ba, kuma Allah ya jiƙan Baba, shi ma da ƙyar na yafe masa.

Da Yaya ta rasu, na aika gidan rediyo a yi sanarwa don dangi na nesa. Mai karantawa ya faɗi sunanta da na Baba cikakku, a gurguje, ya wuce zuwa cigiyar wani raƙumi da ya ɓata. Ranar ce kaɗai sunanta ya fita a rediyo.