Katangar da Baba Ya Gina a Likoro

Furana

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na goya Baba a babur muka bar Furana. Ce masa na yi gaisuwa za mu, Allah ya yafe mini. Tun da hannunsa ya fara rawa ya ƙi asibiti, ya daina zuwa ko masallaci. Mutumin da ya shekara arba'in yana ginin ƙasa ya ce tasa ta ƙare. Abin yana ci mini rai.

Makarfi

Ƙarfe bakwai muka tsaya shan koko. Rabin kokon ya zube masa a riga. Mai kokon ta sake cika masa kofin.

Kudan

Tara da kwata muka sauka gidan ƙanwarsa. 'Yarta Hajara, likitar ƙwaƙwalwa, ta zo hutu. Bayan doguwar gaisuwa ta riƙe hannun nan ta ce, "Kawu, in ka gama gini, shi ke nan ka tafi?"

"Wane irin magini ke nan? Duk shekara sai na koma yaɓe kafin damina."

"To, akwai sinadaran da ke tsara ginin ƙwaƙwalwa tun mutum yana ciki, su ke umartar ƙwayoyin halitta. Ashe ba sa tafiya, suna nan suna gyara har tsufa. Ana ganin in na sashen motsi suka raunana, rawar hannu kan biyo baya."

Baba ya ce, "Sauran suna bakin aiki?"

"Suna nan, Kawu. Magani ba ya warkarwa, amma yana sassautawa."

Ta rubuta masa takardar zuwa asibiti ranar Litinin, ya karɓa ya sa a aljihu.

Likoro

A hanyar komawa ya sa na ratse Likoro, wurin wata katanga da ya gina tun ba a haife ni ba. Ta tsage. Ya roƙi ruwa, ya kwaɓa ƙasa, ya liƙe tsagar hannu na karkarwa. Yaɓen ya karkace, amma wa zai gaya masa?

Gida

Ƙarfe shida muka iso. Yana sauka ya ce, "Ranar Litinin kada ka makarar da ni, ka san halinka."

Na gode wa Allah, na gode wa Hajara da mai kokon Makarfi. Da aka kira magariba Baba ya riga ni shiga sahu, da laka a hannun rigarsa.