Kibiyar da ta Hana Jannatu Sauka

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Argungu ya san Jannatu, in bai san sunanta ba ya san faɗanta. Tun tana budurwa take gaban murhun banda, hayaƙi ya ci mata ido, wuta ta mayar da babban yatsanta kamar ƙanzo. Boko kuwa, ko sunanta aka rubuta ba ta gane shi.

Mijinta Kalilu masunci ne. Da ƙungiyarsu ta masunta ta yi manhajar waya, inda kowa ke aika saƙon murya, shi ya zama mai ba da labarin ruwa. Kullum da safe daga bakin gulbi sai a ji shi: "Jama'a, ruwa ya ja baya, tarwaɗa na wajen Gulma." Wani lokaci ya rufe da tsokana: "A hwaɗa ma Jannatu ta hura wuta." Ta sha yi masa masifa kan wannan, wai yana tallar sunanta a gari.

Zazzaɓi ya ɗauke shi wata kaka. Masunta ba su fasa magana ba, sababbin saƙonni suka yi ta hawa kan nasa suna danne shi ƙasa. Duk ranar da kewa ta kama Jannatu, sai ta zauna gefen murhu ta yi ta jan jerin nan da yatsa, tana wuce hotunan mutane, har ta kai ga hotonsa da jar hula. Kowace shekara tafiyar na ƙara nisa, amma takan isa.

Sai wata safiya waya ta sabunta kanta. Ga wata 'yar kibiya a kusurwar ƙasa ta dama, daidai inda yatsan Jannatu ke sauka, don ita ba ta iya shafar waya da kan yatsa ba, gabansa duka take dannawa, yadda take gwada kifi ko ya gasu. Ta yi nisa ta yi nisa, yatsa ya taɓa kibiya, fir! Ta koma can sama. Ta sake, haka. Kai, ranar har kifi ya ƙone, ita da ba ta taɓa ƙona kifi ba.

Wanda ya yi wannan aika-aika ɗan ƙanenta ne, Mujtaba, mai haɗa manhaja a Birnin Kebbi. Ta shiga mota takanas ta same shi a shagonsa.

"Mujtaba, cire man wagga tsiya."

Ya yi dariya. "Haba Gwaggo! Kowa godiya yake. Da mutum sai ya sha wahala kafin ya dawo kan sabon labari, yanzu taɓawa ɗaya. Har nauyin manhajar mun rage. Wa ke zuwa ƙasa?"

Yaya za ta ce wa ɗan da ta goya muryar mijinta take bi? Kunya ta hana. Ya saya mata lemo, ya sa ta a keke zuwa tasha, yana ganin ya yi zumunci.

Jannatu ba ta saba a fi ƙarfinta ba. Tana isa gida ta yanki kwali, ta manna shi da salatif a kan kibiyar. "To, ɗan banza, tashi mu gani!" Ta gyara zama ta fara ja. Ta wuce masu neman komar kamun kifi, ta wuce masu cigiyar kwalekwale, yatsa na bugun kwali, kibiya ba ta motsa ba. Har murmushi ta yi.

Sai jerin ya tsaya cak. Ta ja, ya ƙi. Ta goge yatsa a zane ta sake ja, ya ɗan motsa ya koma. Hoto na ƙarshe na wani yaro ne da ba ta sani ba, saƙon bara. Nauyin da Mujtaba ya ce sun rage ke nan: an share tsofaffin saƙonni, har da na Kalilu.

Ta danna saƙon yaron duk da haka. Yana tambayar ko akwai wanda ya san inda tarwaɗa take.