Kaluluwar da Ba Ta Ciwo

A gidanmu idan kaluluwa ta fito wa mutum, ba ita ake fara duba ba, miki ake nema. Haka muka taso a Unguwar Lalle. Yaro ya zo yana ɗingishi da kumburi a matsematsi, Inna ta zaunar da shi, ta ɗaga tafin ƙafarsa, ta bi tsakanin yatsu har ta samo ƙaya ko gyambo. Ta cire, ta wanke da ruwan gishiri, ta gasa kumburin da tsumma mai ɗumi. Kwana kaɗan ya sace. Wannan dabara ba ta taɓa ba ta kunya ba sai a kan Yaya.

Yaya shi ne babbanmu, shi ke riƙe da gonar gero tun rasuwar Baba. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu muka koma gidan kawunmu a Sabon Birni, kaluluwa ta fito masa a wuya, ƙasan kunne, ba ta fi ƙwayar gurjiya ba. Ni na fara ganinta, yana alwala.

Inna ta sa aka yi masa aski ƙwal, ta bi fatar kan, ta leƙa kunne, ta sa ya buɗe baki ta duba haƙora. Har ƙafa sai da ta duba. Babu ko ƙwarzane. Sai ta danna wurin da yatsa.

"Tana ciwo?"

"Ko kaɗan, Inna."

"To alhamdulillahi. Wagga ba komi ba ta."

Ni dai raina bai kwanta ba, kuma kowa ya san bakina ba ya shiru. Na ce masa ya je asibiti Sakkwato. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ke dai kin cika hwaɗa! In bar gona ga shuka ta zo, don abin da ko ƙaiƙayi bai yi? In damana ta wuce, za ni."

A lokacin satar jiki yake yi a babur ya je gona duk ranar da aka ce daji ya lafa, kuma abin da ya nomo shi ne abincinmu. Hanyar Sakkwato ma sai an yi shahada ake binta. Na san duk wannan, amma wallahi haushi ya hana ni yi masa magana har sai da gero ya fara bununi.

Kafin girbi kaluluwar ta kai girman goruba, wata ta fito a hammata. Zufa ta riƙa jiƙa masa riga, wando ya daina zama a ƙugunsa. Kawu ya kira wanzami ya yi mata sakiya, ana jiran mugunya ta fito, sai jini kawai. Ranar na yi ta masifa har maƙwabta suka leƙo. Da aka ɗaure ɗan geron da aka samu, na tisa shi gaba muka hau mota.

A asibiti suka yanki ɗan guntun kaluluwar suka ce mu dawo. Da muka koma, likitar, wata mace marar yawan magana, ta ce sankara ce. Na ce ban yarda ba, in gaskiya ne ta nuna mini. Ta dube ni, sannan ta juyo da kwamfutar da ke gabanta. Hotuna biyu ne, an ɗauke su ta madubin da ke girmama abin da ido ba ya gani.

Na farko na mai lafiya ne. Ta nuna mini wasu dunƙule-dunƙule a jere a gefe, kowanne da ɗan haske a tsakiyarsa, kamar rumbuna a bayan gida. Ta ce a nan jiki ke tara ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, nan suke hayayyafa. Tsakaninsu ga 'yan hanyoyi, ta nan ruwan jiki ke bi ana tace shi. Komai da wurinsa.

Na biyu na Yaya ne. Babu rumbu, babu hanya. Ƙwaya iri ɗaya ce ta mamaye ko'ina, daga wannan gefe zuwa wancan. Ban yi karatun likita ba, amma na gane ba lafiya.

Ta tambayi Yaya yaushe ta fito. Ya ce kafin shuka. Ta ce me ya hana shi zuwa?

"Ba ta ciwo, likita."

Ta ce mai ciwo yawanci faɗa take yi da wata cuta, shi ya sa take zafi. Wadda ta yi tsit tana girma, ita likitoci suke tsoro.

An fara yi masa magani, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Muka dawo da shi Sabon Birni. Na yi wa Inna bayanin rumbunan da hanyoyin, ta saurare ni har ƙarshe tana gyaɗa kai. Amma duk safiya idan ta gama shafa masa mai, sai in ga ta ɗaga ƙafarsa ta ɗora a cinyarta, tana buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ga mikin da ya ɓace mata. Yaya bai ga wata damina ba.

Kwanakin baya 'yata ta shigo tana ɗingishi, ta ce wani abu ya fito mata a matsematsi. Na jawo ta, na sa babban yatsa na danna da ƙarfi, fiye da yadda ya kamata. Ta ƙwalla ihu, ta fashe da kuka, tana cewa mi ta yi mini. Ni kuwa na rungume ta ina ta alhamdulillahi.

Inna tana gefe a kan tabarma. Ta miƙo hannu ta kama ƙafar yarinyar.