Ranar da Inna ta kira sunana

Ni 'yar fari ce, saboda haka har na kai shekara goma sha biyu ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, ranar da ta so yi mini gata kuma "ke waccan". Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, amma ina ruwan yaro da al'ada? Abin yana ci mini rai. Na ɗauka ba ta sona ne kawai.

Wata bazara sanƙarau ya ɓulla a ƙauyukan da ke tsakaninmu da Makoda. Inna ta san shi sarai. Shi ya ɗauke ƙanenta suna yara, wuyansa ya sanƙare, kwana biyu aka kai shi. Don haka da masu rigakafi suka kafa teburi a gindin darbejiyar firamare, ita ce a gaban layi, goye da ɗaya, tana jan uku.

Malamar asibitin ta ce, "Yaranki nawa?"

"Huɗu," in ji Inna.

Mu biyar ne. Ba ƙarya ta yi niyya ba, bakinta ne ya saba tsallake ni a gaban mutane. Ni kuwa tun safe Baba ya tura ni fadama cirar albasa, ban ma san ana yi ba.

Sai da ta koma gida ta jera katin allura huɗu a kan tabarma ta tsaya tana kallonsu. Maƙwabciyarmu ta ce ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta yafa mayafi ta fice, don an ce da azahar motar masu rigakafin za ta ƙara gaba.

A fadama mun fi 'yan mata goma, kowa a duƙe, ni can ƙarshen lambu. Inna ta tsaya a bakin rafi ta ce, "Ke." Duk wadda ke wurin ai "ke" ce, ban ɗago ba. Sai na ji sunana, cikakke, sau biyu, da muryar da na fi sani a duniya. Na miƙe da albasa a hannu. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa tana kallon Inna.

Mun isa ana rufe akwatin maganin. Malamar ta dube ta. "Baiwar Allah, ba huɗu kika ce ba?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Akwai wannan."

"'Yar wa ce?"

Ƙafafun Inna na kalla, sun yi fari fat, ƙaya ta yanki babban yatsa.

"Tawa ce," ta ce a hankali.

Allurar ta yi zafi, damtsena ya kwana biyu a kumbure. A hanyar gida Inna ta wuce gaba, ko waiwaye babu, ta ce, "Ke, ɗaga ƙafa." Na ɗaga. Har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunana ba, ni ma ban sake jira ba.